Idon Dillali Ma'auni Ne

A shekarar 1956 gidan talabijin na NBC a Amurka ya fara wani shiri mai suna The Price Is Right. Sai a fito da kaya, mutum huɗu su yi ta tayawa kamar a wajen gwanjo, wanda ya fi kusa da ainihin kuɗin ba tare da ya zarce ba shi ke da kaya. Da CBS ta farfaɗo da shirin a 1972 a hannun Bob Barker, sai aka cusa masa ƙananan wasanni, har a 1983 aka kawo Plinko, inda ake sakin faifai ya gangaro tsakanin ƙusoshi ya faɗa inda rabo ya kai shi. Faransa ma ta buɗe nata a 1987, Le Juste Prix, a tashar TF1. A 2008 wani mutum ya faɗi kuɗin kaya cif, dalar Amurka 23,743. Ashe hadda ta yi aiki, don masu shirin sun daɗe suna maimaita kaya iri ɗaya. Daga nan suka shiga sauya kayan.

Wato abin da ya faro da sanin kaya ya karkata zuwa sa'a da hadda. Mai son ganin sanin kaya zalla, ya je kasuwar bisashe ta Kornaka a ƙasar Dakoro, ya tsaya bayan dillali.

Nan ba hadda, don ba a taɓa samun rago biyu iri ɗaya ba. Dillali zai fara kallo daga nesa: tafiyar rago, tsayuwarsa, ko balami ne ko uda. Sannan ya matso ya ɗaga leɓe ya duba haƙora. Manya biyu a gaba, rago ya haura shekara ke nan, ya isa layya ba gardama. Ya dafa gadon baya ya latsa, ya shafa haƙarƙari, ya kama gindin wutsiya, ya tallabi ƙirji ya ɗan ɗaga. Cikin da ya yi tumbur ba ya ruɗinsa, ya san ana ɗura wa dabba ruwa da dusa da safen kasuwa. Nama a baya yake, ba a ciki ba. Kafin ya saki igiya ya riga ya yanke kuɗi a ransa, amma ba zai faɗa ba.

"Alhaji, taya mana."

"Jika saba'in."

"Albarka. Ƙara dai, Alhaji, wannan ba na kiwon daji ba ne, turka shi aka yi."

Wannan ja-in-ja duk zagaye ne ake yi wa adadin da ke ransa, kuma da wuya a sallama nesa da shi.

Rabin aikin ke nan. Sauran rabin ba a jikin dabba yake ba. Dole ya san kuɗin tiyar hatsi a ranar, domin in damina ta yi gardama makiyayi da manomi kan fito da bisashe su sayi abinci, kasuwa ta cika, kuɗi ya faɗi. Dole ya san saura kwana nawa Babbar Salla, da yadda naira ke tsaye gaban sefa, tunda manyan raguna da yawa Maradi suke nufa, su tsallaka ta Jibiya zuwa Katsina da Kano. Tsofaffin dillalai sun ga karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sun ga rufe iyaka a 2019 da kuma 2023. Kowane karo sai da suka sake lissafi daga tushe.

Wayar salula ta rage musu wani abu, gaskiya ne. Yanzu mai rago kan bugo wa ɗan'uwansa a Dakoro ko Sabon Mashi ya ji yadda kasuwa ta ci kafin ya baro ƙauye. Sai dai waya labarin kasuwa take bayarwa, ba ta taɓa bayan rago.

Ga kuma bambancin da ya fi girma a ganina. Ɗan wasan talabijin in ya kuskure, kyauta ce kawai ta wuce shi. Dillali kuwa shi ne shaidar cewa dabba ba ta sata ba ce, shi ke tsaya wa baƙo, wani lokaci har ya sauke shi a gidansa. La'adarsa kaɗan ce, amma in ya cuci mutum sau ɗaya, kafin kasuwa mai zuwa labari ya zagaye rugage.

In za ka sayi ragon layya bana, kada ka tsaya kallon ƙaho. Ka kalli inda dillali yake ɗora hannu, kai ma ka ɗora naka.