Ilimin Tattaki: Yadda Ƙafa Ke Cinye Doguwar Hanya

A watan Afrilun 2015, Suleiman Hashimu, ɗan asalin jihar Katsina, ya tako da ƙafa daga Legas zuwa Abuja cikin ƙasa da mako uku, don cika alkawarin da ya ɗauka idan Muhammadu Buhari ya ci zaɓe. Tun daga nan kalmar tattaki ta cika bakin jama'a. A wasu ƙasashe kuwa an daɗe ana irin wannan tafiya domin tara taimako. A 1980 wani saurayi ɗan Kanada, Terry Fox, wanda cutar daji ta sa aka yanke masa ƙafar dama, ya yi kwana 143 yana gudu da ƙafar roba, ya ci kilomita 5,373, yana nema wa binciken maganin cutar kuɗi. Masu zaman gindin bishiya kan ce wannan aikin wanda bai da abin yi ne. Da za su bi mai tattaki zango ɗaya, da sun ga sana'a ce mai ƙa'idoji.

Mutanen Jega ba baƙin wannan ilimi ba ne. A ƙarni na 19 kasuwarsu na cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, kuma ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kan yada zango a nan kafin su haye kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su dangana da Salaga a Ghana ta yau. Tafiyar watanni ce, kuma kowa da aikinsa. Madugu shi ne uban tafiya. Jagaba ke wucewa gaba ya dubo hanya da masauki. Mai kaya a ka yana naɗa gammo, ya san inda zai yi loko, wato ɗan tsayawar da ake yi a sauke numfashi ba tare da an kwance kaya ba. Mai tattakin yau shi kaɗai ke riƙe da duk waɗannan muƙamai.

A ce mutum ya ƙudura zai bi titin da ya taso daga Sakkwato, ya wuce Aliero da Jega da Maiyama, ya gangara Koko da Yawuri, domin a haƙa wa wani ƙauye rijiyar burtsatse ko a tallafi gidan marayu. Abin da zai fara shiryawa shi ne ƙafarsa. Gwani ba ya fita da sabon takalmi. Sai ya yi makonni yana taka shi har ya saba da ƙafar, kuma yakan zaɓi wanda ya ɗan fi shi girma, domin ƙafa na kumbura idan ta wuni tana aiki. Yana yanke farce ƙasa-ƙasa. Yana shafa man kaɗanya a diddige da tsakanin cinyoyi saboda faso da gugar fata. Safa biyu ko uku yake riƙewa: da rana ya cire wadda ta jiƙe da gumi, ya maƙala ta a bayan jaka ta bushe yana tafe. Da ya ji wani wuri ya fara zafi a tafin ƙafa, nan take zai zauna ya manna filasta. Bororo, wato kumburin nan mai ruwa, ƙarami ne a ido, amma shi kaɗai ya isa ya kwantar da ƙato.

Sai kaya. Ƙa'idar da matafiya ke bi ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Abu mai nauyi a jikin baya ake sa shi, mara nauyi daga waje, a ɗaure ɗamarar jakar a ƙugu don kafaɗa ta huta. A ciki akwai gorar ruwa, malafa, tocila, gidan sauro, 'yar darduma, waya da na'urar ajiye caji, da riga mai ƙyalli da direba zai hango daga nesa. Guzuri kuwa wanda ba ya lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo, soyayyar gyaɗa. Fura da nono a hanya ake samunsu.

Sanin lokaci shi ne rabin tafiya. Ana sallame sallar asuba zai kama hanya, domin sanyin safiya jari ne da ba ya dawowa. Lafiyayyen mutum na cin kilomita biyar a awa, amma gwani ba ya fara ranarsa da sauri. Gajeren taku yake yi, iri ɗaya, numfashi na bin ƙafa, kuma duk bayan awa guda ya yi lokon minti goma, ya ɗaga ƙafafu bisa jaka. Wanda ya bar Aliero da duku-duku, ya wuce gonakin albasar da garin ya yi suna da ita, zai iya shiga Jega tun hantsi bai gama dubar ludayi ba. Idan rana ta take, sai ya nemi inuwa har la'asar, domin a bazara zafin wannan yanki kan haura digiri 40. Shi ya sa masu lura ke zaɓar lokacin ɗari, su jure ƙura da tsagewar leɓe. A titi gefen hagu yake bi, yana fuskantar motocin da ke tahowa, kuma kafin magariba ya shiga gari. Addini ma ya sauƙaƙa masa da ƙasaru da haɗa salloli.

Ruwa ba a jiran ƙishi kafin a sha shi, kurɓa-kurɓa ake yi duk tsawon hanya. Gumi na tafiya da gishirin jiki, don haka yakan haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Awonsa kuma yana tare da shi: idan fitsari ya yi duhu ya ragu, jiki na neman ruwa. Idan kuma ƙafarsa ta gurɗe, ba ya taurin kai. Aliero gari ne da aka san shi da masu ɗori tun kaka da kakanni, kuma matafiyi mai hankali yana tambayar inda asibiti da masu gyaran targaɗe suke kafin buƙatar ta taso.

Akwai kuma ilimin shiga mutane, wanda fatake suka fi kowa iyawa. Baƙo ba ya faɗa wa gari haka nan. Idan ya isa Maiyama, alal misali, zai fara da gaida masu gari da limami, ya sanar da jami'an tsaro, ya nuna takardar ƙungiyar da yake tara wa taimako. Daga nan masauki ke fitowa, daga nan kuma zai ji ko hanyar gobe lafiya take. Yana riƙe da littafi da ake sa masa hannu da hatimi a kowane zango, shaidar cewa da ƙafarsa ya iso. Kuɗin taimako kuma ba ya bi ta aljihunsa: asusun ƙungiyar yake bai wa jama'a, ya riƙa sanar da abin da ya shigo.

Duk wannan wahala tana da dalili. Mutane sun gaji da jin roƙo, amma idan suka ga wanda ya biya da guminsa tun kafin ya buɗe baki, hannunsu kan saki. Terry Fox bai ƙarasa tafiyarsa ba, cutar ta tsayar da shi kusa da garin Thunder Bay, ya rasu a 1981, amma har yau ana gudun tara taimako da sunansa kowace shekara a ƙasashe da dama. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Matashin da ke da lafiya da wata buƙatar al'umma da ta dame shi yana iya gwada kansa da tafiyar safiya ɗaya tsakanin Jega da Maiyama, ya koyi halin ƙafarsa, sannan ya ƙara zango. Sharaɗin dai shi ne ya taka duk inda ya ce zai taka, kuma kowace naira ta isa inda aka ce za ta.