Masu Zana Rufin Gidajen da Ba Su Taɓa Shiga Ba

Ranar 20 ga Satumbar 2017 mahaukaciyar guguwar Maria ta afka wa tsibirin Puerto Rico ta wajen garin Yabucoa, bayan ta yi wa Dominica kaca-kaca. Wuta ta ɗauke a tsibirin baki ɗaya, wasu yankunan sai da suka kusa shekara cikin duhu. Layukan waya suka mutu. A tsaunukan tsakiya, wajen Utuado, ƙasa ta zabtare a wurare bila adadin, gadoji suka karye, ƙauyuka suka yanke daga kowa. Daga baya gwamnatin tsibirin ta amince cewa mutum 2,975 ne suka rasa rayukansu sanadiyyar guguwar da wahalhalun da suka biyo bayanta.

Ma'aikacin agajin da ya sauka a San Juan da buhunan abinci da tamfol, tambayar da ta fara tare shi ita ce: ina mutanen suke, kuma ta wace hanya za a isa gare su? Gidaje da yawa a karkarar tsibirin an gina su ne ba tare da izinin hukuma ba, ba su cikin kundin kowa. Adireshin mutum kuwa sau da yawa lambar titi ce da kilomita kaza, sai ka je ka yi tambaya. Wannan giɓin ne dubban 'yan sa-kai suka zauna gaban kwamfuta suka cike, galibinsu ba su taɓa taka tsibirin ba.

Taswirar da suke zanawa a kai ita ce OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, kowa na iya ƙara mata, kowa na iya ɗauka kyauta. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010, lokacin da 'yan sa-kai suka zana birnin Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki, aikin ya samu ƙungiya tsayayya da ake kira HOT. Su ne ke karɓar buƙatar masu agaji irin su Red Cross, su yayyanka yankin da bala'i ya shafa gida-gida kamar gidajen dara. Ɗan sa-kai zai zaɓi gida ɗaya, manhaja ta kulle masa shi na ɗan lokaci don kada wani ya shigo su yi karo, hoton tauraron ɗan'adam ya buɗe a gabansa.

Daga nan gwaninta take farawa, kuma duk a ido take. Daga sama, gida ba shi da ƙofa ba shi da taga, rufi ne kawai. Mai zane zai danna kusurwar farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu, ya rufe, ya sa alamar cewa wannan gini ne, sannan ya danna harafin Q don kusurwoyin su miƙe daidai. Sabon shiga yakan haɗa rufin da inuwarsa, gidan ya fito ya fi girmansa. Gwani kuwa inuwar ce abokiyar aikinsa. Ita ke gaya masa cewa abin nan mai kusurwa huɗu yana da tsayi, ba dandamalin siminti ba ne ko filin ajiye motoci. Idan ginin bene ne, hoton yakan karkata shi gefe, sai ya zana rufin, sannan ya ja zanen ya ɗora shi kan gindin ginin, inda ya taɓa ƙasa. Idan bishiya ta rufe kusurwa ɗaya, ukun da suka rage sun ishe shi sanin inda ta huɗun take. Idan gidaje biyu sun manne, yana duba bambancin launin kwano kafin ya yanke hukuncin gida ɗaya ne ko biyu.

Hanyoyi sun fi gidaje wuya. Layin titi dole ya haɗu da ɗan'uwansa a mahaɗa, ɗigo a kan ɗigo. In aka bar ɗan giɓi ko da bai kai taku ɗaya ba, ido ba zai lura ba, amma manhajar da ke nuna wa direba hanya za ta ɗauka titin ya ƙare, ta zagaya da motar magani ta wani dogon waje. Inda titi ya haye rafi, sai an bambance gada ce, kwalbati ce, ko mashigin da ake ratsawa da ƙafa. Bayan guguwa wannan bambanci na iya zama na rai da mutuwa. Akwai kuma matsalar hoton kansa, wanda kan goce da 'yan mitoci daga ainihin wurin. Gwani ba ya zana ko ɗigo ɗaya sai ya daidaita hoton da sawun GPS ko da tsofaffin zanen da aka tabbatar.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, yawancin zanen a kan hotunan kafin guguwa ake yin sa. Dalilin a fili yake. Sai an san abin da ke tsaye jiya kafin a san abin da ya rushe yau. Idan sababbin hotuna suka iso, irin waɗanda hukumar NOAA ta Amurka ke ɗauka daga jirgin sama ko waɗanda kamfanonin tauraron ɗan'adam ke saki kyauta lokacin bala'i, sai a ɗora su a kan zanen. Inda aka zana gida amma yanzu tarkace ake gani, nan ne wani iyali ke kwana a waje. Daga yawan rufi ake ƙiyasta yawan mutane, daga yawan mutane ake lissafin tamfol da ruwan sha da magani.

Mutanen da na fi jinjina wa a cikin harkar su ne masu tantancewa. Jami'o'i da ofisoshi kan shirya zaman zane na 'yan sa'o'i, ɗalibai su taru da kwamfutocinsu, da yawa ranar ce farkonsu. Zuciya fara, hannu ɗanye. Kowane gidan dara da aka ce an gama, sai wani tsohon hannu ya sake buɗe shi, yawanci da manhajar JOSM, ya miƙe karkatattun gine-gine, ya raba waɗanda suka hau kan juna, ya goge dutsen da wani ya ɗauka ɗaki ne. Sannan ya bar wa mai zanen saƙo cikin lalama, ya gode masa, ya nuna masa inda zai gyara. Aiki ne mai cin ido da lokaci, ba a ganin mai yin sa, kuma in babu shi masu agaji ba za su amince da taswirar ba. Ƙa'idarsu ita ce kada ka zana abin da ba ka gani ba, kada kuma ka kwafo daga taswirar wani kamfani. Abin da ya shige maka duhu, ka rubuta shakkarka ka bar wa na gaba.

An yi irin wannan aiki bayan guguwar Haiyan a Filifin a 2013, da Matthew a Haiti a 2016, da Idai a Mozambik a 2019. Tun 2014 kuma shirin Missing Maps, wanda HOT da Red Cross da ƙungiyar likitoci ta MSF suka kafa, ke ƙoƙarin zana wuraren da ke cikin haɗari tun kafin masifa ta zo. A nan abin ya shafe mu kai tsaye. Guguwar teku ba ta zuwa mana, amma ambaliya na zuwa, kamar yadda Maiduguri ta gani a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda Yamai ke gani idan kogin Kwara ya cika. Kuma garuruwanmu suna wahalar da baƙon ido. Soron ƙasa launinsa ɗaya da tsakar gida. Rumbu da ɗakin ciyawa duk da'ira ce daga sama, wanda bai san su ba zai ƙirga rumbuna a matsayin ɗakunan kwana, lissafin mutane ya kumbura. Yaron da ya tashi a ƙauye kallo ɗaya zai yi ya bambance su ta girmansu da inda aka jera su a cikin gida.

Akwai kuma abin da tauraro ba ya nunawa ko kaɗan. Ba ya faɗin sunan unguwa, ba ya cewa wannan rufin na asibiti ne, wancan na makaranta ce da za a iya tsugunar da mutane a ciki. Wannan sai 'yan gari. Sukan buga taswirar a takarda, ko su ɗauke ta a waya, su bi lungu-lungu suna rubuta sunaye, suna nuna rijiyar da ke aiki da gadar da mota ba ta iya hawa, sannan su dawo su shigar da shi a kan zanen da na nesa suka yi.