Ɗaya Tamkar da Dubu: Bitar Waƙar "Sweet Mother"

A wata liyafar biki da na halarta a Kaduna, bayan an gama ciye-ciye, mai gabatarwa ya ce uwar amarya ta fito fili. Mai saka kiɗa ya ajiye waƙoƙin da ake yayi, ya sako wata tsohuwa. Jita ce ta fara, da siririyar murya, tana tafe kamar yarinya mai tsallake rafi a kan duwatsu, kuma kafin mawaƙin ya buɗe baki guɗa ta cika zauren. Hajiyar ta taso tana rufe baki da gefen mayafi, ƙannenta suka kewaye ta da liƙi, amarya kuwa ta kifa kai a kafaɗarta har kwalliyar ta soma lalacewa. Mu shida ne a teburinmu, kowa yana bin waƙar da baki. Da ta ƙare na tambaye su wa ya rera ta. Ɗaya ya ce wani ɗan Ghana ne. Ɗaya ya ce Osadebe. Dattijon da ke gefena ne kaɗai ya ce, "Yaro, ai Nico Mbarga ke nan, mai dogayen takalma."

Turawa suna da laƙabin da suke yi wa irin wannan mawaƙi, wanda waƙa ɗaya tilo ta fito da shi sannan aka daina jin ɗuriyarsa. A Amurka har ma'auni suka yi wa abin. Mujallar Billboard tana fitar da jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa kowane mako, kuma wanda sau ɗaya rak ya taɓa shiga cikin arba'in na sama, shi ake kira mai waƙa ɗaya. Misalin da kowa yake kawowa shi ne "Macarena" ta Los del Río, wadda ta yi mako 14 a saman jadawalin a 1996. Sai dai ma'aunin yana kamo mutanen da bai kamata ya kamo ba. Jimi Hendrix, wanda har gobe makaɗan jita suke koyi da shi, sau ɗaya ya shiga wannan arba'in ɗin, a 1968. Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu ta shiga da "Pata Pata" a 1967, ba ta sake ba. Manu Dibango na Kamaru ya shiga da "Soul Makossa" a 1973, shi ma shi ke nan, alhali mutumin ya yi ta kiɗa da fitar da faya-fayai har rasuwarsa a 2020. Ka je Duwala ka ce Dibango waƙa ɗaya gare shi, ka ga kallon da za a yi maka. Su kansu Los del Río tun shekarun 1960 suke waƙa a kudancin Sifaniya kafin duniya ta san da zamansu. Wato laƙabin yakan nuna inda mai ƙirgar yake tsaye da iyakar abin da kunnensa ya jiyo. A wannan ma'auni na Amurka ma, Prince Nico Mbarga ko waƙa ɗayar bai samu ba, don "Sweet Mother" ba ta taɓa shiga jadawalinsu ba, ga ta kuwa ana rera ta daga Dakar har Nairobi.

An haife shi a Abakaliki a 1950, mahaifinsa ɗan Kamaru, mahaifiyarsa 'yar Nijeriya, ya tashi a Ikom, kusa da kan iyaka. Yana saurayi yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ya tsallaka Kamaru gudun hijira. Can ya shiga rukunin makaɗan otal, can kuma ya koyi kaɗa jita irin ta mutanen Kongo, wadda a lokacin su Franco suka cika gidajen rediyon Afirka da ita. Bayan yaƙi ya dawo ya zauna a Onitsha ya kafa rukuninsa, Rocafil Jazz. Kamfanin EMI ya buga masa wata waƙa a 1973 wadda ta ɗan yi tashe a yankin, amma da ya kai musu "Sweet Mother" sai suka ƙi ta, suna ganin waƙar yara ce. Wani ƙaramin kamfani na Onitsha, Rogers All Stars, shi ya karɓa ya fitar da ita a 1976. Adadin da aka fi ambata na cinikinta shi ne kwafi miliyan 13, kuma a 2004 masu sauraron BBC suka zaɓe ta a matsayin waƙar da Afirka ta fi so.

Ina ganin mutanen EMI sun ji daidai, hukuncin ne suka yanke a karkace. Lallai waƙar tana da yarinta a cikinta, kuma yarintar ce ƙarfinta.

A saurari kiɗan tukuna. Manyan makaɗan kudu da suka riga shi, irin su Victor Olaiya da Rex Lawson, kayan busa ne ke ja musu ragama, begila tana gaba kowa yana biye. Nico ya miƙa ragamar ga jita. Guda tana riƙe da wani ɗan gajeren zagaye da take maimaitawa ba gajiya, wata tana yawo a samanta tana tsinke sauti ɗaya-ɗaya, mai kaurin murya tana ƙasa tana rausaya, ganguna suna tafe a hankali ba sa neman a kula da su. Babu inda kiɗan ya yi tsawa. Tafiyarsa irin ta mace ce mai goyo, wadda take jijjiga ɗa tana aikinta. Waƙar ta kusa minti goma, amma kan wannan zagayen guda aka gina ta, shi ya sa duk wanda ya ji minti ɗaya na farko ya riga ya haddace sauran, kuma ya shiga sahun 'yan amshi ba tare da an gayyace shi ba. Wurin da na fi so shi ne inda murya take ja da baya a bar jitar ita kaɗai. Ba ta nuna gwaninta, ba ta gudu, tana dai komawa kan 'yan sautukan nan kamar mai lallashi. Makaɗin da ya iya da yawa ne kaɗai yake iya haƙura da kaɗan haka.

Muryarsa kuma siririya ce, tana can sama, har ka ce ta ɗan saurayi ce. Da mai babbar murya ne ya rera waɗannan kalmomi, da sun zama huɗuba. A bakin Nico sai suka fito kamar na yaron da ya dawo gida ya tsuguna gaban uwarsa.

Sai harshe. Bai yi ta da Ibo ba, ko da yake a Onitsha yake zaune kuma kasuwar tana nan. Bai yi ta da harshen gidansu ba, bai kuma yi ta da Turancin makaranta ba. Da buroka ya yi ta, Turancin tasha da bariki da kasuwa, wanda Bahaushen Sabon Gari da Bayaraben Oshodi da mutumin Bamenda da na Kumasi duk suke ji. A tuna shekara shida kacal ke nan da gama yaƙi, ciwon bai warke ba, kuma a watan Fabrairun shekarar aka kashe Janar Murtala. A irin wannan lokaci waƙa ta fito wadda ba ta kowace ƙabila ba ce, ba ta coci ba ce, ba ta masallaci ba ce, ba ta yabi wani mai kuɗi ko mai mulki ba. Ba wanda ya ji an bar shi a waje.

Abin da waƙar take faɗa ba shi da yawa. Ba ta kwatanta uwa da wata ko tauraro. Ƙananan abubuwa take lissafawa, waɗanda ake yi wa jariri a ɗaki ba mai gani: kukan dare, yunwa, zazzaɓi, rashin barcin mai jinya. Daga nan ta kai ga hujjarta guda, cewa akwai dangantakar da ake sakewa, akwai wadda ba a sakewa. Duk mai uwa ya san wannan tun kafin a rera masa. Abin da Nico ya yi shi ne ya faɗe shi a fili, da rana tsaka, gaban jama'a.

A nan ne nake ganin waƙar ta taɓa mu Hausawa ta wata fuska ta daban. Mu mutanen kara ne da alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, wata ma ko wasa ba ta yi da shi a gaban mutane. Ɗa kuma yakan girma har ya yi furfura bai taɓa zama ya dubi mahaifiyarsa ya ce mata ya san wahalar da ta sha a kansa ba. Zai aiko da buhun shinkafa, zai biya mata kujerar Makka, zai durƙusa ya gaishe ta safe da yamma, amma maganar ba ta fita. Mun san hadisin da aka ambaci uwa sau uku kafin uba, mun yarda da shi, bakinmu ne yake da nauyi. Sai ga wani ya faɗa da harshen da ba namu ba, saboda haka babu kunya a bi shi. Ina jin shi ya sa ƙato mai rawani zai iya rera ta a mota yana kallon taga.

Ba zan ce ba ta da aibu ba. Uwar da ke cikin waƙar wahala kaɗai aka san ta da ita. Ba ta dariya, ba ta faɗa, ba ta da sana'a ko ra'ayi, kullum tana tsaye kan ɗanta. Uwayen da na sani sun fi haka faɗi: suna da adashi, suna da ƙawaye, suna da zafin hannu in ta kama. Haka nan wanda bai saba da doguwar waƙa ba zai ji maimaicin ya yi yawa wajen minti na bakwai. Na yarda da duka biyun, amma ba su rage mini ita ba. Waƙar godiya ce daga bakin ɗa, kuma ɗa abin da aka yi masa yake fara gani.

To, shin Nico mai waƙa ɗaya ne? In aka bi faya-fayansa, a'a. Yana da "Aki Special", wadda take magana kan rabo da yadda Allah yake ba wani abin da ya hana wani, kuma a wurina kiɗanta bai gaza na "Sweet Mother" ba. Yana da "Christiana", yana da "Simplicity", yana da waƙar da ya yi kan ilimi kyauta lokacin da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin firamare ga kowa. Akwai ma "Wayo In-Law", wadda sunanta kaɗai yake sa ni murmushi, don kalmar wayo tamu ce buroka ta ara ta kai har Kamaru. Mutanen Onitsha da Ikom na wancan zamani sun san waɗannan duka. Amma in aka bi abin da ya rage a kunnen jama'a bayan shekara kusan hamsin, to gaskiya guda ce ta rage, har ta haɗiye sunan mai ita, kamar yadda na gani a teburin nan.

Bahaushe yana da kalmar da ta fi ta Bature adalci a nan, wato bakandamiya. Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa. Ita ce waƙar da mawaƙi ya zuba duk abin da yake da shi a ciki, kuma ba wanda yake ɗaukar samunta a matsayin gazawa. Ka ambaci Ɗan Anace, kafin ka rufe baki an ce maka Shago, duk da ɗimbin 'yan damben da manoman da ya wasa. Ba a ce masa mai waƙa ɗaya, cewa ake ya yi wadda ta fi ƙarfin sauran. Ni dai a wurina masu waƙa ɗaya iri biyu ne. Akwai wanda yayi ya ɗauko, wata rawa ko wani salo, da yayin ya wuce sai ya tafi da shi. In aka sa waƙar yau, shekarar ake tunawa, a yi dariya a ce ka tuna lokacin kaza. "Macarena" tana nan. Akwai kuma wanda ya yi waƙar da mutane suka karɓe daga hannunsa suka mai da ita kayan aikinsu, suna biki da ita, suna suna da ita, suna kuka da ita. Yaran da suka yi guɗa a zauren nan ba 1976 suke tunawa ba, don ba a haife su ba. Uwayensu suke tunawa.

Nico kansa ya yi ta neman ta biyu. Ya zagaya ƙasashe, ya yi wasa a Ingila da tufafinsa masu ƙyalli da takalman nan masu tudu da dattijon ya tuna, ya gina otal a Ikom ya sa masa sunan waƙar. A watan Yunin 1997 ya rasu sakamakon haɗarin babur a Kalaba, yana da shekara 47. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 2 ga Agusta, Fela ya rasu a Legas, jaridun duniya suka cika da labarinsa, na Nico ya bi ta gefe. Fela ya cancanci duk abin da aka rubuta a kansa. Amma har yau abin yana sosa mini rai, cewa mutumin da aka fi rera waƙarsa a nahiyar nan ya tafi shiru haka.

Mahaifiyata ba ta jin Turanci, na makaranta ko na tasha. Wata rana ina kai ta asibiti duba ido, waƙar ta shigo a kaset ɗin mota. Ta saurara har tsakiya, sannan ta ce, "Wannan me yake ta nanatawa ne haka?" Na rage sauti na soma fassara mata, ina kallon titi. Na faɗi na kukan dare, na faɗi na yunwa. Da na zo kan na rashin lafiya sai muryata ta soma rawa, don ni ne ɗan fari, kuma na san labarin ƙyandar da na yi ina shekara biyu, daga bakin goggona na ji shi, ita ba ta taɓa ba ni ba. Na yi shiru. Ita ma ta juya tana kallon masu sayar da lemo a bakin hanya. Mun wuce shatale-tale biyu ba wanda ya ce uffan. Can ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya yi wa yaron nan albarka. Mayar da ita farko."