Narkarwa da Ɗinki: El Anatsui da Fasahar Kayan Bola

A ƙasar Hausa ba a barin ƙarfe ya mutu. Ɗan jari bola ya tsinto shi, ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli ya biya, daga nan sai hannun maƙeri. A Kasuwar Panteka ta Kaduna, gwangwanin lemo yakan shiga wuta ya fito tukunya ko ludayi. Tsohuwar taya ta koma takalmi, gwangwanin madara ya koma fitilar aci-balbal. Gwaninta a wannan sana'a ita ce a shafe asalin abu. Idan mai saye ya kalli tukunya ya gane da me aka yi ta, to maƙerin bai ƙware ba.

El Anatsui ma da kayan bola ya yi suna, amma shi ya ƙi shafe asalinsu, kuma nan ne aikinsa ya rabu da na maƙera.

An haife shi a 1944 a Anyako, yankin Volta na ƙasar Gana. Ya yi karatun zane da sassaƙa a Kumasi, sannan a 1975 ya zo Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, inda ya koyar har ya yi ritaya a 2011. Wanda ya tarar yana jagorantar sashen fasaha na jami'ar shi ne Uche Okeke, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da waɗannan samari suka tsaya a kai shi ne mai fasaha ya duba gida kafin ya kwaikwayi Bature. Ke nan tafarkin da Anatsui ya tarar a Nsukka, a Zariya aka fara share shi.

Ya fara da farantan katako irin waɗanda mata ke kasa kaya a kai a kasuwannin Gana, yana ƙona musu alamomin gargajiya na adinkra da ƙarfe mai zafi. Ya koma yumɓu, ya koma yankan katako da zarton inji. Daga baya ya tara tsofaffin magogin rogo masu tsatsa ya gina bango da su, ya kuma yi aiki da marafan gwangwanin madarar Peak. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne ya ci karo da buhun marafan kwalaben giya da aka yar a kusa da Nsukka.

Aikin na haƙuri ne. Ana buɗe kowane marfi, a daddage shi, a yanke, a huda, sannan a ɗinke shi da ɗan'uwansa da wayar tagulla. Dubbai kan dubbai, har su zama shimfiɗa mai lanƙwasa kamar tufa, ja da baƙi da ruwan zinariya. A 2007 an rataya guda a fuskar wani tsohon gini a birnin Venice na Italiya, kuma tun daga lokacin sunansa ya game duniya. A 2015 bikin baje kolin fasaha na birnin ya ba shi lambar girmamawa ta Zakin Zinariya, a 2023 kuma ya cika babban zauren gidan baje kolin fasaha na Tate Modern da ke Landan. Ba ya gindaya wa masu baje kolin yadda za su rataya aikin. Duk inda ya je, sai a naɗe shi da sabon salo.

Daga nesa ado ne. Sai mutum ya matso zai ga sunayen kamfanonin giya a kan marafan, ba a goge ko ɗaya ba. Da gangan ne. Barasa na cikin hajojin da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma suna musaya da bayi, bayin kuma aka kai su gonakin rake, daga raken aka sake yin wata barasar. Da ya narkar da marafan, da wannan tarihi ya bi hayaƙi.

Da yawa daga cikinmu kan ja baya idan aka ambaci sassaƙa, saboda gudun mutum-mutumi. A waɗannan shimfiɗu babu fuska, babu siffar mai rai. Sun fi kusa da aikin allura a gaban babbar riga, inda ƙananan ɗinki ke taruwa su zama aska takwas.

Matsalar tana wajen masu kwaikwayo. Yanzu ɗalibai da yawa sukan manna marafan lemo a katako su ce tsabtace muhalli suke yi. Niyyar mai kyau ce, amma sun ɗauki marfin sun bar tambayar: wane hannu ya taɓa wannan abu, daga ina ya zo? Bolar kowane gari tana da nata labari. Ta Damari, can cikin dajin Birnin Gwari, garin manoma da masu haƙar zinariya da ya sha fama da 'yan bindiga, za ta ƙunshi buhun taki da robar maganin feshi da mataccen batirin tocila da tsoffin ƙarafan babur. Duk wanda zai yi aiki da su, sai ya san abin da suka gani.

Akwai kuma abin da ba na iya kau da kai daga gare shi a aikin Anatsui kansa. Matasa da yawa ne ke zama a ma'aikatarsa ta Nsukka suna huda da ɗinki, amma suna ɗaya ake rubutawa a jikin bango. Shi ne mai tsarawa, babu musu, haka kuma kowane babban maƙeri yake da yaransa. Sai dai wasu ayyukan nasa sun haura dala miliyan ɗaya a gwanjo, kuma mafi yawan manyansu suna rataye a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Ɗan Najeriyar da ke son ganinsu ido da ido, galibi sai ya nemi biza.