Jinjina ga masu tsare shaidar hoto

Kyamarar ƙwararru kan ajiye hoto iri biyu a ɗauka guda: RAW, ɗanyen fayil mai nauyi, da JPEG, matsattsen da ake turawa jarida. Kowanne na ɗauke da bayanan Exif, tsarin da aka fito da shi a Japan a 1995: rana, lokaci, samfurin kyamara, wani sa'in har da wurin ɗauka.

Wajen gyara ake samun saɓani tsakanin fayilolin biyu. A rubuta sunan mai hoto a JPEG, a bar RAW haka nan. Ko agogon kyamara ya yi kuskure, a gyara ɗaya a manta ɗayan.

Masu adana hotuna ne ke zama su tantance fayilolin nan ɗaya bayan ɗaya. Suna aiki da XMP, tsarin rubuta bayanan fayil na kamfanin Adobe, da ExifTool, manhajar da Phil Harvey ya fitar kyauta a 2003. Gasar World Press Photo kan nemi fayil na asali kafin ta ba da kyauta, don haka aikin masu adana hotunan na kare haƙƙin mai hoto da gaskiyar tarihi.