An Sabunta Jiya, In Ji Wa?

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, wata Hajiya mai riƙe da adashin matan unguwarsu ta kira ofishinmu tana ta faɗa. Uku daga cikin 'yan zubinta sun samu saƙon banki cewa an yi yunƙurin cire naira 500,000 daga asusun kowacce, alhali zubin mako naira 5,000 ne. Abin da ya rufa mana asiri shi ne babu wadda take da dubu ɗari biyar a ajiye. Allah ya yafe mini, ban taɓa murna da rashin kuɗin wani ba sai ranar.

Waɗanda suka daɗe suna bin rubutuna sun san 'yar manhajar nan tamu ta karɓar zubi, sun kuma san dokar da muka kafa tun ranar farko: duk kuɗin da zai yi yawo a cikinta da kobo ake ƙirga shi. Naira 5,000 kobo 500,000 ke nan. Kamfanin da ke cire mana kuɗi daga banki kobo yake karɓa, sannan kwamfuta ba ta iya riƙon lissafin ɗigo da amana ba. Wanda yake musu ya haɗa 0.1 da 0.2 a Python ko JavaScript, zai ga an miƙo masa 0.30000000000000004. Ni da hannuna na rubuta wannan dalili a takardar bayanin aikin, layi uku cur, shekara biyu da suka wuce.

To da wayar Hajiya ta katse, takardar na fara buɗewa. Ta ce a turo adadin kuɗi da naira. Na buɗe kod, na ga yana ninka abin da aka ba shi sau ɗari, wato naira yake jira. Takarda da kod bakinsu ɗaya. A saman shafin kuma ga shaida an rubuta, kwana huɗu da sabuntawa. Me za ka zarga? Awa uku na yi ina lalube a inda ba nan gizo ke saƙa ba. Na zargi sabar, na zargi manhajar waya, har na rubuta wa kamfanin biyan kuɗin saƙo mai zafi, Allah ya taimake ni ban tura ba. Sai da na koma tarihin gyare-gyare a Git na ga abin da ya faru. Wani yaronmu mai hazaƙa da bai daɗe da zuwa ba ya ga ɓangaren karɓar kuɗi yana neman kobo, abin bai yi masa kyan gani ba, ya mayar da shi naira. Manhajar waya kuwa ba wanda ya gaya mata, tana nan tana turo kobo. Mataimakin ƙirƙirarriyar basira da muka ɗaura wa ma'ajiyar aikin don ya riƙa sabunta takardu ya zo ya duba, ya ga takarda ta saɓa da kod, ya gyara takarda. Layukana uku ya share su tas, tunda ba su dace da sabon yayi ba, ya maye gurbinsu da wani jadawali mai ban sha'awa.

Na kira yaron na ce, "Ƙanina, me ya kai ka taɓa wurin nan?"

Ya ce, "Wallahi Oga, ai takardar ma naira ta ce."

"Kafin ka canza ko bayan ka canza?"

Ya yi shiru yana sosa ƙeya. Ban matsa masa ba, don ni ne na danna amincewa da gyaran. Na tuna ma har yaba masa na yi a zuciya, na ce ka ga ɗan albarka, ya gyara kod ya haɗa da takarda.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan, 'yan'uwa. Mun ɗauko wa kod ɗan amshin Shata, mun sa masa suna mai kula da takardu. Duk abin da kod ya faɗa, daidai ko kuskure, sai ya amsa da murya mai daɗi. Alhali amfanin takardar bayani a wurina shi ne ta zama shaida na biyu. Kod yana faɗin abin da ake yi, takarda tana faɗin abin da aka yi alkawarin yi. Ranar da bakinsu ya saɓa, ranar ce alƙali zai gyara zama ya tambayi wa ke ƙarya. Idan kuwa kullum da daddare ana kai shaida na biyu ɗakin na farko ana kitsa masa abin da zai faɗa, to shaida ɗaya kake da shi, sai dai kana ciyar da mutum biyu.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙananan ma'aikata irinmu ce. A ranar 23 ga Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da zai fara kewaya duniyar Mars. Takardar yarjejeniyar da ke tsakanin ɓangarorin manhajar ta ce a ba da ma'aunin ƙarfin turi da awon mita, wato niyuton. Manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta kuma tana fitar da shi da awon fam irin na Amurkawa, bambancin ya kai ninki 4.45. Kumbon ya sauko har kusan kilomita 57 daga doron Mars, ƙasa sosai da inda aka tsara, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ku lura da kyau, a wannan labarin takarda ce mai gaskiya, kod ne ya kauce. Da ita masu bincike suka gane inda aka yi ɓatan kai. Yanzu ku ɗauka a ce suna da irin mataimakinmu a lokacin. Da tun kafin kumbon ya yi rabin hanya ya gyara takardar ta koma fam, ya ƙawata ta da jadawali, ya rubuta an sabunta jiya.

Wannan "an sabunta jiya" ɗin ma shi ya fi ba ni haushi. A da, in ka buɗe README, wato takardar bayanin aiki, ka ga rabonsa da gyara tun 2019, yana maka bayanin yadda za ka girka Python 2, wadda masu ita suka daina kula da ita tun 1 ga Janairun 2020, kai da kanka ka san ka shigo kufai. Sai ka taka a hankali, ka je ka tambayi tsofaffin hannu, ka karanta kod da idonka. Tsohuwar takarda ba ta ɓoye furfurarta. Ta yanzu kullum fes take kamar amarya, ba ka da hanyar sanin ko mutum mai hankali ya taɓa ɗora ido a kanta. Kwanan watan da a da yake nufin wani ya zauna ya yi tunani, yanzu abin da yake nufi kawai shi ne na'ura ta wuce ta nan. An yi kitso da ƙwarƙwata, an shafa mai, an ɗaura ɗankwali.

Ga kuma iya zance. Masu shafin Stack Overflow sun hana amsoshin ChatGPT tun Disambar 2022, 'yan kwanaki bayan fitowarsa, kuma hujjarsu ita ce amsoshin sukan zo da kuskure amma a ido kamar ƙwararre ne ya rubuta. Kyan ɗan maciji. Idan mutum bai fahimci abu ba, rubutunsa yakan tona shi: zai yi ta kame-kame, ya bar giɓi, ya sa alamar tambaya. Mataimakin nan da abin da ya sani da wanda ya cinka duk da murya ɗaya yake faɗa, muryar limamin da ya haddace huɗuba. README ɗinmu da yake shafi ɗaya da rabi ya kumbura ya kai shafi tara cikin wata huɗu. Kowane ɗan ƙaramin yanki ya samu sakin layi, har wanda sunansa kaɗai ya isa bayani. Akwai yankin da muka sa wa suna "aika saƙo", aka yi masa layi shida ana sanar da mu cewa saƙo yake aikawa. Mun gode, Malam.

Kuma wa ke karanta shafi taran? Ku faɗi gaskiya, ku da Allah. Yaranmu ba sa buɗewa, sai dai su ce wa wani mataimakin ya taƙaita musu. Na'ura ta rubuta, na'ura ta karanta, mu kuma muna gefe muna biyan kuɗin data.

Abin da ba zai taɓa samu a cikin kod ba shi ne dalili. A manhajarmu akwai wurin da ake jira daƙiƙa 40 kafin a sake gwada cire kuɗi. Mataimakin ya rubuta, daidai kuwa, cewa ana jira daƙiƙa 40. Bai san cewa da farko daƙiƙa 5 muka sa ba, sai muka gano a ƙauyukan da sabis ke wasan ɓuya amsar banki takan makara, mu sake turawa, a cire wa baiwar Allah kuɗi sau biyu. Bai san daren da muka kwana muna mayar wa mutane kuɗi ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan labarin yana cikin kan mutum biyu ne kawai, ɗaya ma ya bar aiki. Gobe wani sabon yaro zai zo ya karanta "ana jira daƙiƙa 40", ya ce wannan ɓata lokaci ne, ya rage, takarda kuma ta bi shi da amin.

Na san za a ce ai kafin zuwan irin waɗannan mataimakan ma takardunmu ruɓaɓɓu ne. Haka ne, ban musa ba. Tun da GitHub Copilot ya fito a 2021 na ga mutanen da ko da bulala ba sa rubuta layi ɗaya na bayani sun fara turo aiki da takarda, kuma in aka canza sunan wani abu a fayil ashirin, mataimakin ya fi ni haƙurin bin su. Turancina ma yakan goge mini shi. Shi ke nan, na ba shi haƙƙinsa, kada a ce na ci amanar ma'aikaci.

Amma ciwon nan tsoho ne, kuma magabata sun nemi maganinsa ta hanyar da ta fi wannan mutunci. Donald Knuth tun 1984 yake kiran a rubuta manhaja kamar ana yi wa ɗan'adam bayani, kod da sharhinsa a fayil guda, don kada ɗaya ya yi tafiya ya bar ɗaya. Mutanen Python suna da doctest fiye da shekara ashirin: ka sa misali a cikin bayani, a gudanar da shi kamar gwaji, in kod ya canza misalin ya faɗi, a tsayar da kai. A Rust ma misalan da ke cikin takardu ana gwada su tare da sauran gwaje-gwaje. Kun ga bambancin? A can in aka samu saɓani takarda ihu take yi. A namu sabon salon lallashinta ake yi ta yi shiru. Da a ce misali guda na sa a ƙarƙashin layukana uku, wanda ke nuna an tura 500,000 an cire naira 5,000, da gyaran yaron bai ƙetare ƙofa ba. Wannan sakacina ne, na ɗauka.

Don haka daga ranar Juma'a na sauke mataimakin daga kujerar mai gyara, na mayar da shi ɗan rahoto. In ya ga takarda da kod sun saɓa, aikinsa ya buɗe tambaya ya ce ga abin da wannan ya ce, ga abin da wancan ya ce, wanne ne daidai, sannan ya jira mutum. Na kuma buɗe wata jaka ta shawarwarin da muka yanke, irin tsarin da Michael Nygard ya bayyana a 2011: kowace shawara 'yar gajeriyar takarda, halin da ake ciki, abin da aka zaɓa, da abin da zai biyo baya. Ta farko a kan kobo ce, ta biyu a kan daƙiƙa 40. Na hana mataimakin taɓa jakar. Washegari da safe na tarar ya turo shawarar a "inganta tsarin" takardar kobo, wai ta yi gajarta. Kai jama'a, naci sai ka ce ɗan kamasho a tasha.

Yaran ofis suna ta tsokanata wai Oga ya tsufa, yana kishi da na'ura. Ƙila. Wani abokina ma da na ba shi labari cewa ya yi laifina ne da ban iya ba shi umarni ba, wai da na rubuta masa kada ya share dalilai da bai share ba. To ka ji, sai na rubuta takardar bayani ga mai rubuta takardar bayani, ita kuma wa zai riƙa sabunta ta?

Ranar Asabar na je har gida na ba Hajiya haƙuri. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa, ta saurare ni har na gama. Ta ce, "To ɗana, wa ya yi kuskuren?"

Na ce, "Hajiya, wata na'ura ce da ke taya mu rubutu."

Ta ce, "Ita ta ɗauki kanta aiki?"

Na sunkuyar da kai. Ta jawo wani littafin makaranta mai bango ja daga ƙarƙashin filo, sunayen mata talatin da biyu a jere, kowacce da layin zubinta da biro, inda aka yi kuskure an ja layi ɗaya a kai an rubuta daidai a gefe, tsohon adadin yana nan ana ganinsa. Ta ce ba ta fita daga manhajar ba, amma zubin wannan makon dai a hannu za ta karɓa.