Ina aka kai « senzala » da « mucambo »? Nazari kan sunayen littattafan Freyre biyu a Ingilishi

Duk wanda ya karanta ilimin zaman jama'a da Faransanci, da wuya a ce bai gamu da littafin Gilberto Freyre ba, mutumin Recife a arewa maso gabashin Burazil, wanda Roger Bastide ya juya a 1952 da sunan « Maîtres et esclaves ». Da wannan suna aka fi saninsa a wajenmu, har wasu na zaton marubucin ne ya raɗa shi. Alhali kuwa sunan da littafin ya fito da shi a 1933, cikin harshen Fotugis, shi ne « Casa-Grande & Senzala », kuma babu ubangida babu bawa a cikinsa. Sunan Faransancin ya bi sawun na Ingilishi ne, wato « The Masters and the Slaves », fassarar Samuel Putnam da maɗaba'ar Knopf ta buga a 1946. Littafi na biyu, « Sobrados e Mucambos » na 1936, Harriet de Onís ce ta juya shi a 1963, aka kira shi « The Mansions and the Shanties ». A kan waɗannan sunaye huɗu za mu tsaya, domin ra'ayinmu shi ne an yi asara iri ɗaya har sau biyu, kuma asarar ta shafi gundarin abin da marubucin yake son faɗi.

Mu fara da ma'anar kalmomin. « Casa-grande » ita ce babban gidan mai gandun rake, inda yake zaune da matarsa da ƴaƴansa da barorin cikin gida, sau da yawa har da ɗakin ibada a jikinsa. « Senzala » kuwa masaukin bayin gandu ne, galibi dogon gini mai jerin ɗakuna, kusa da babban gidan yadda ido zai kai gare shi. « Sobrado » gidan bene ne na cikin birni, siriri, manne da na maƙwabta, yana fuskantar titi, kanti ko sito a ƙasa, iyali a sama. « Mucambo » bukkar talaka ce ta laka da ganyen kwakwa, irin waɗanda suka cika fadamun bakin Recife. Ke nan duka huɗun sunayen gine-gine ne. Freyre ya zaɓi ya ba da tarihin al'ummarsa ta hanyar ɗakunan da ta kwana a ciki.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne asalin kalmomin. A kowane suna, kalma ta farko ƴar gida ce a Fotugis, daga Latin take. Ta biyu kuwa, sau biyun, daga Kimbundu take, harshen mutanen yankin Luwanda a Angola. « Sanzala » a can ƙauye take nufi, kuma Fotugis na Angola ya riƙe ta da wannan ma'ana. Da ta haye teku sai ta ƙuntata, ƙauyen ƴantattu ya koma ɗakin bayi. Wannan sauyin ma'ana kaɗai tarihi ne guda. Burazil ta karɓi bayi sama da miliyan 4 daga Afirka kafin a soke bauta a 1888, mafi yawansu daga gaɓar Angola da Kwango, kuma harshen ƙasar ya cika da kalmominsu: « caçula » ga auta, « moleque » ga yaro, « quitanda » ga ɗan kantin kayan miya, « cafuné » ga susar kai cikin lallashi. Freyre ya daɗe a kan irin waɗannan kalmomi a cikin littafinsa, yana kafa hujja da su cewa bawa ya shiga bakin ubangidansa tun daga goyo. To, sunan littafin shi ne misali na farko na wannan hujja: kalmar Turai da kalmar Afirka a jere, alamar « & » ta haɗa su kamar yadda ake haɗa sunayen abokan ciniki a ƙofar kamfani. Mai karatun Burazil yana jin wannan a kunnensa tun bai buɗe shafi ba. Mai karatun Ingilishi ba a bar masa ko alamarsa ba.

Akwai kuma batun nahawu. Sunan farko tilo ne, ba shi da wani harafin nuni, don haka yana nufin tsari, irin yadda Bahaushe zai ce « fada da kasuwa » ba tare da yana nufin wata fada takamaimai ba. Ingilishi ya mai da shi jam'i, ya ƙara « the » sau biyu, ya sauya wurare da mutane. Sakamakon shi ne rukuni biyu na jama'a suna fuskantar juna. Ana iya cewa wannan ya fi kusa da gaskiyar bauta, kuma mu ma muna ganin Freyre ya sassauta muninta fiye da kima. Florestan Fernandes da abokan aikinsa a Sao Paulo sun nuna haka tun shekarun 1950, cikin binciken da UNESCO ta ɗauki nauyinsa. Amma fa gyara wa marubuci ra'ayi ba aikin mai fassara ba ne. Wanda ke son ya soki Freyre yana bukatar a miƙa masa Freyre yadda yake, tare da gidan nan guda da yake ta nanata cewa ya haɗa kowa.

A littafi na biyu an bar gine-ginen, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai kunne ya rinjayi ma'ana. Mai karatu zai lura cewa sunayen Ingilishi biyun suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, M da S a na farko, M da Sh a na biyu, abin da ke da daɗin faɗi a kantin littattafai. Kuɗin wannan daɗi « mucambo » ce ta biya. Kalmar « shanty » rumfar wucin gadi take nufi, ta katako ko kwano, kuma raini ke biye da ita. « Mucambo » kuwa tana da tarihi biyu, kuma ba ɗayan da ya shiga cikin « shanty ». Na farko, a ƙarni na 16 da na 17, ita ce sunan maɓoyar bayin da suka gudu. Garuruwan Palmares, waɗanda suka yi kusan shekara ɗari suna tsaye kafin a rushe babban birninsu a 1694, a kashe shugabansu Zumbi a 1695, da wannan kalma takardun zamanin suke kiran su. Kalmar « quilombo », ita ma ta Kimbundu, daga baya ta rinjaye ta. Na biyu, Freyre kansa mai kare « mucambo » ne. A 1937 ya fitar da ɗan littafi kan bukkokin arewa maso gabas, yana yabon yadda suka dace da zafi da iskar ƙasar fiye da gidajen bulo na birni. Shekara biyu bayan haka, a 1939, gwamnatin Agamenon Magalhães a jihar Pernambuco ta kafa ƙungiyar yaƙi da « mocambo », aka shiga rushe su. Wato a lokacin da littafin ya fito kalmar tana tsakiyar rigimar siyasa, kuma « shanty » ta ɗauki ɓangaren masu rusau, ta bar marubucin shi kaɗai.

Dole a yi wa Putnam adalci. A cikin jikin littafin ya yi aikin haƙuri: ya bar kalmomin Burazil da yawa yadda suke, ya cika ƙasan shafuka da bayani, ya kuma sanya jerin kalmomin Fotugis da na ƴan asalin ƙasar da na Afirka a ƙarshe. Ga « casa-grande » ya samu « Big House », wadda bayin kudancin Amurka suke kiran gidan mai gandun auduga da ita, kuma da wuya a samu wadda ta fi ta, ko da yake a bakin ƴan birnin Amurka na wancan zamani gidan kaso ma haka ake ce masa. Haɗarin yana wani wuri: da zarar an ce « Big House », mai karatun Amurka ya koma Bajiniya da Misisipi, ya ɗauka ya riga ya san labarin. Freyre, wanda ya yi karatu a Baylor ta Texas da Columbia ta New York, shi da kansa yana yawan kwatanta ƙasashen biyu, don haka kwatancin ba baƙo ba ne ga littafin. Amma « senzala » ita ce za ta riƙa tuna wa mai karatu cewa ba a Amurka yake ba, kuma ita aka cire daga bango.

Hujjar da za a kawo ita ce ta kasuwa: a 1946 baƙuwar kalma a bangon littafi ba ta sayar da shi. Mun yarda da rabin wannan. Sauran rabin, harsuna sun nuna akwai hanyoyi. Fassarar Sifaniyanci da aka buga a Buenos Aires a farkon shekarun 1940 ta bar « senzala » a wurinta. Ta Jamusanci a 1965 ta ce « Herrenhaus und Sklavenhütte », ta rasa Kimbundu amma ta riƙe gidajen biyu, kuma a tilo. Ingilishi kansa bai taɓa ƙyamar aro ba. Ya haɗiye « favela » da « samba » ba tare da ya shaƙe ba, masana tarihi kuma suna rubuta « quilombo » ba su fassara ta. Kalmar da za a maimaita sau ɗaruruwa a littafi mai kauri irin wannan, mai karatu zai koye ta kafin ya gama babi na farko.

Wanda zai juya littafin zuwa Hausa zai gamu da jarrabawa irin ta Putnam, don muna da « rinji », ƙauyen bayin gandu, kuma hannu zai yi saurin kai mata. Amma rinji yana can daji nesa da gidan ubangida, da sarkin gandu a kansa, bayi suna da bukkokinsu da gayaunarsu. « Senzala » kuwa a gindin babban gida take, hayaƙin murhu ɗaya suke shaƙa, kuma kusancin nan shi ne duk abin da Freyre ya gina littafinsa a kai. Idan aka sa « rinji », an ɗauke mai karatu daga Pernambuco an sauke shi a ƙasar Kano ta ƙarni na 19, kamar yadda « Big House » ta sauke na Amurka a Bajiniya. Mu dai da za a tambaye mu, « Babban gida da senzala » za mu rubuta, rinji kuma ya sauka ƙasan shafi don kwatanci.